Wa Ya Shuka Kukar Da Muke Sha?

'Yan'uwa mazauna Nguru da Gashuwa, da ma waɗanda neman abinci ya kai su Kurmi amma hankalinsu na gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar iyali ce ta sha kaina. Yau kuwa wata magana ce da gwaggona ta yaɓa mini ta hana ni sakat, na ga gara in kawo ta gabanku mu tattauna, don ni a ganina maganar ta shafe mu baki ɗaya.

Gwaggon nan tawa ta zo daga Nguru ne sunan jikata. Da la'asar tana zagaya gida, sai ta leƙa lungun da ke bayan ɗakin girki, ta tarar da galan-galan na mai da na yanke bakinsu na jera, kowanne da ɗan tsiro a ciki. Ta ce, "Kai ɗan nan, me ka jera haka kamar mai sayar da manja?" Na ce, "Gwaggo, ai kuka ce nake reno." Ta riƙe baki. Ta ce, "Kuka? A cikin gida? Ubanka bai shuka ba, kakanka bai shuka ba. Kuka ai ba a shuka ta, Allah ne ke fitar da abarsa a daji. Kuma mu da muke baƙi a ƙasar mutane, wa za ka bar wa?"

To mai karatu, wannan baiwar Allah da ke kiran kanta baƙuwa, a unguwar Hausari ta Nguru aka yanke mata cibiya, ta haura shekara tamanin, kuma duk rayuwarta ba ta taɓa yin wata guda cur a Kano ba. A daren nan tuwon gero muka ci da miyar kuka, har ta nemi ƙari.

MU DA ƘASAR NAN

Kakana ya baro ƙasar Kano ne bayan da layin dogo ya iso Nguru a 1930. Irinsu da yawa suka biyo jirgin nan, wasu awon gyaɗa, wasu fata da ƙirgi, wasu ƙaro, wasu dillancin shanu, wasu kuma almajiranci. Mangawa da Barebari suka ba su wurin zama a Nguru, Badawa suka ba su a Gashuwa, har yau ga unguwar Hausari can, ga Zango da Sarkin Hausawa nan. Mun yi auratayya, mun binne iyayenmu a nan. Jirgin da ya kawo su ya daɗe da daina zuwa yadda muka san shi muna yara, mu kuwa muna nan daram, shekara casa'in da ɗoriya ke nan.

Amma ku duba halinmu. Bahaushen Nguru zai gina shago, zai sayi mota, zai je Makka, in ya samu sarari ya sayi fili a Kano wai don ranar komawa. Abin da ba zai yi ba shi ne ya sa wani abu a ƙasa wanda sai bayan shekara ashirin za a mora. Muna yawan ƙorafi in yaranmu sun sha wahala wajen neman takardar shaidar zama 'yan ƙasa, kuma ƙorafin yana kan hanya, domin wanda aka haifi kakansa a gari bai cancanci a riƙa tambayarsa daga ina ya zo ba. Sai dai mu ma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: in yau aka ce mu nuna abin da muka ƙara wa ƙasar nan wanda zai wanzu bayanmu, ban da bulo da kwano, me za mu nuna?

Ni amsar da na samo wa kaina ƙarama ce, ita ce wadda Gwaggo ta gani a cikin galan.

KUKOKINMU DUK TSOFAFFI NE

In ka hau mota daga Nguru zuwa Gashuwa ta Jajimaji, don Allah ka riƙa duban taga. Za ka ga kukoki jefi-jefi cikin gonaki, manya, masu kaurin gindi, an aske musu rassa saboda ganye, an ɓare musu jiki saboda igiya. Yanzu ka nemi ƙarama, wadda ba ta wuce tsayin mutum ba. Ni dai na sha bin hanyar nan ina ƙirgawa, da ƙyar nake cika yatsun hannu ɗaya. Gaskiya ne ƙaramar kuka tana da wuyar ganewa, domin ganyenta na fari guda-guda yake fitowa, sai ta yi wayo sannan yake rarrabuwa kamar yatsu. Amma ko da an yi mata wannan uzuri, ƙananan sun yi kaɗan ƙwarai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na farko, muna yanke rassan tun kafin su yi fure, kukar da ake aske wa kai duk shekara kuwa ba ta yin 'ya'yan kirki. Na biyu, 'ya'yan da suka samu suka nuna, kafin su faɗo an kakkaɓe su an kai kasuwa, a jiƙa garin a sha, ƙwallayen su ƙare a bola cikin gari. Na uku, wadda Allah Ya sa ta tsiro da damina, akuya na jiran ta da kaka, in ta tsallake akuya fartanya ta same ta. Ga kuma ruwan sama da ba shi da tabbas. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a ba su labari. Wato dai muna cin gadon da ba mu san wanda ya tara ba, kuma ba ma ajiye komai a madadinsa.

Kada wani ya ce kuka ba ta mutuwa. A 2018 wasu masana suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan kukoki mafi tsufa a Afirka, suka ce daga cikin 13 mafi tsufa, 9 sun mutu gaba ɗaya ko kuma sashensu mafi tsufa ya zube cikin shekara goma sha biyu kacal. A kudancin Afirka ne abin ya faru, irin su Zimbabuwe da Namibiya da Afirka ta Kudu, kuma wasu daga cikinsu sun haura shekara 2,000 a duniya. In irin waɗannan za su faɗi, to namu ma ranarsu na zuwa.

ME YA SA KUKA, BA DARBEJIYA BA?

Ban raina darbejiya ba, wadda mutanen nan ke ce wa maina. Ba don ita ba da zafin watan Afrilu ya kore mu daga garuruwan nan. Amma darbejiya inuwa ce da asuwaki da maganin zazzaɓi, ba a miya da ita. Kuka kuwa tana cikin jinsin tsirran da Allah Ya hore wa ajiye ruwa a jikinsu, irin su kariya da aguwa da tinya da zabuwa, wadda 'yan zamani ke kira alobera. Kaurin nan na gindinta rumbun ruwa ne. Da rani ta zubar da ganye ta yi likimo kamar matacciya, da an doshi damina ta farfaɗo tun kafin ruwan ya sauka sosai. Ƙasar da ruwan samanta na wata uku zuwa huɗu ne, sauran shekara sai rana da iska, irin waɗannan tsirrai ne 'yan gida a cikinta.

Ga amfani kuma. Ganye miya, garin 'ya'yan ya ninka lemo sau da yawa wajen sinadarin bitamin C, ɓawo igiya. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa shigar da garin 'ya'yan kuka ƙasashenta a matsayin abinci, yanzu a kantunan Ingila da Jamus cikin gwangwani ake sayar da abin da yaranmu ke tsotsa a hanyar makaranta. Kuma a ƙasar Barno muke, inda Shehu Laminu ya kafa babban birninsa a 1814 aka kira shi Kukawa saboda kukar da ke wurin. Itacen da aka raɗa wa fadar Shehu sunansa bai kamata ya zama abin da muke jin kunyar renonsa ba.

YADDA NA YI, DA INDA NA YI KUSKURE

Shekarar farko na kwashi ƙwallaye arba'in, waɗanda wasu ke ce wa guntsu, na binne su haka nan, na yi ta ban ruwa safe da yamma. Wata guda ya wuce uku ne kawai suka fito, su ma biyu suka ruɓe saboda yawan ruwa, ta ukun kuma akuyar mai ɗakina ta yi buɗa-baki da ita. Mai ɗakin tawa ta ce, "Malam, da ka bar wahalar nan, kuka dai ta gwangwani goma nawa ce a kasuwa?" Ban ce mata komai ba, don ranar ba ni da bakin magana.

Daga baya na gane ɓawon ƙwallon kuka tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, shi ya sa yake iya shekara a ƙasa bai tsiro ba. Ga yadda nake yi yanzu, kuma cikin goma bakwai ko takwas na fitowa.

Ka zaɓi 'ya'ya daga kukar da aka san ganyenta da daɗin miya, domin kuka suna ta tara, wata ganyenta ɗaci gare shi, kuma matan ƙauye sun san kowacce. Ka wanke ƙwallayen tas har garin ya fita. Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba su ciki, ka bar su su kwana. In kana da haƙuri, abin da ya fi wannan shi ne ka ɗan goga bayan kowane ƙwallo a kan dutse ko siminti har ka hango fari-fari, sannan ka jiƙa a ruwan sanyi kwana guda. Kada ka zurfafa gugar har ka raunata cikin. Wanda ya kumbura da safe ya shirya.

Ƙasar kuwa, yashi kashi biyu, tsohon taki da ya riga ya ruɓe kashi ɗaya. Mazubin ya zama mai zurfi, irin galan ɗin mai ko buhun siminti da aka naɗe, domin kuka saiwa take fara yi kafin kai, saiwar kuma ta kumbura kamar karas. Ledar fiya wata ta yi mata kaɗan. Ka huda gindin mazubin wuri huɗu ko biyar, wannan shi ne abin da na manta a shekarar farko. Ka binne ƙwallon zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Lokacin zafi ya fi, wato Afrilu zuwa Mayu, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga ta ɓullo. Kada ka ba ta ruwa sai ka tura yatsa ka ji ƙasar ta bushe. In damina ta zauna a watan Yuli ka dasa, ko kuma ka bar ta ta shekara a gida ta yi ƙarfi. Da hunturu za ta zubar da ganye ta koma kamar tsinke. Ba mutuwa ta yi ba, barci take, kuma a lokacin ne yawan ruwa ke kashe ta. Inda duk ka dasa, ka kewaye da ƙaya ko tsohon kwando har shekara uku, in ba haka ba ka yi wa akuya noma.

Kariya ma haka nake renonta daga iri. Ita ce 'yar guntuwar nan mai ƙaton gindi da ke fure ja-ja da tsakiyar rani lokacin da ko ganye ba ta da shi. 'Ya'yanta kamar ƙahon akuya suke fitowa bibbiyu, in sun bushe su tsage iska ta kwashe irin, don haka nake ɗaure su da zare tun suna ɗanye. Sabon iri cikin mako guda yake tsirowa, kuma wadda aka shuka daga iri ta fi wadda aka dasa daga reshe kaurin gindi. A ƙasar Tailan sana'a ce babba, suna renonta a tukwane suna sayar wa duniya, alhali asalinta daga yankinmu ne da ƙasashen Larabawa. Sai dai a kula, ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara, a wanke hannu in an taɓa. Aguwa kuwa ba ta buƙatar iri, reshe za ka sara ka soka a yashi gab da damina. Kakanninmu da ita suke shingen gona, kuma ana amfani da ita wajen tsayar da tudun yashi a ƙasashen Sahel. Wanda ya taɓa zuwa Yusufari ko Tulo-Tulo ya ga yadda rairayi ke cin gonaki da gidaje, ya san darajar abin da zai tsayar da shi.

AMSA GA GWAGGO DA IRE-IRENTA

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a majalisa.

Wasu sun ce kuka gidan aljanu ce. Ni ba malami ba ne, amma na lura aljanun nan ba su taɓa hana kowa hawa ya yanko ganye ba, sai in an zo maganar shukawa ake tuna su. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsa suna haɗa masa aure, ina jin motsinsu cikin duhu ya taimaka wajen ƙaruwar labaran.

Wasu sun ce saiwarta za ta fasa gini. Wannan gaskiya ne, saiwar babbar kuka tana tafiya nesa a kusa da saman ƙasa, don haka kada a bar ta ta girma a jikin katanga. Gida wurin reno ne. Wurin zamanta gona, ko filin makaranta, ko gefen filin idi, ko bakin kasuwa. In kuma ganye kake so a cikin gida, akwai dabarar da aka jarraba a ƙasar Mali: a shuka kuka a fangali kusa da kusa kamar zogale, a riƙa sare kanta ba a bari ta wuce ƙugu, a riƙa tsinkar ganye tun tana 'yan watanni. Ni ma ina da fangali ɗaya, taku biyu a taku huɗu, kuma mai ɗakin nan tawa da ta ce in bar wahala, yanzu ita ce ke korar yara daga wurin. Ganyen a shanya shi a inuwa, ya fi riƙe korensa da sinadarin bitamin A a kan wanda aka baza a rana.

Wasu sun ce ba za ka ga 'ya'yanta ba. Mai yiwuwa. Kukar da aka shuka daga iri takan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ta haihu, sai in an yi mata aure da reshen babba, wanda ke rage shekarun sosai. To amma wadda muka sha miyarta jiya, wanda ya bar ta ta girma a gonarsa ya san mu?

Magana mai nauyi ita ce ta ƙarshe, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Da yawanmu gonakin aro ko na haya muke nomawa, kuma a al'adar ƙasashen nan dasa itace a gonar wani kamar kafa tuta ne, mai gona zai ga kana shirin cewa taka ce. Wannan na iya jawo husuma, kuma ba abin da muke nema ke nan ba. Maganin abin shi ne a bi ta ƙofa. Bara na ɗauki tsirrai shida na kai wa dattijon da nake noma gonarsa a wani ƙauyen Bade, na ce, "Baba, ga wannan na kawo, in ka yarda a dasa a kan iyaka. Naka ne da jikokinka, ni ban da komai a ciki, a shaida wa Bulama ma." Ya daɗe yana juya galan ɗin a hannunsa, sannan ya ce, "Malam, tun ina yaro Hausawa ke zuwa saye a wurinmu, yau ne na ga wanda ya kawo." Maganar ta yi mini daɗi, ta kuma ba ni kunya. Huɗu daga cikin shidan suna nan da rai.

KADA MU JIRA GWAMNATI

Ba a rasa shirye-shirye a yankin nan ba. An kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, shirin raya yankin hamada na arewa maso gabas da aka fi sani da NEAZDP ya fara aiki daga nan Gashuwa wajen 1990 da tallafin Turai, ga tashar binciken ƙaro, ga jami'ar tarayya da aka kafa mana a 2013, ga kuma shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Yobe ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Kowanne ya yi abin da ya yi, Allah Ya saka. Sai dai na taɓa halartar wani bikin dashen itace, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, manya suka dasa nasu aka ɗauki hoto. Bayan wata biyu na bi ta wurin, ramuka kawai na tarar. Itacen da ba shi da mai shi maraya ne, ranar biki kaɗai yake da gata.

Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonakinsu, su riƙa gyara shi suna renonsa. Manoman suka karɓa, maƙwabci ya koya daga maƙwabci, har aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200. A ƙasar Mirya kusa da Damagaram kuwa, kuka dukiya ce da ake reno ana sayar da ganyenta. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu bai fi namu ba. Abin da suka fi mu shi ne kowane itace yana da wanda zai yi faɗa in an taɓa shi.

Don haka roƙona ɗaya ne. Bana kowane gida a Hausari da Zango da Sabon Gari ya jiƙa ƙwallon kuka biyar. Biyar kacal. Ba sai an kafa ƙungiya ba, ba sai an zaɓi ciyaman da ma'aji ba, don mun san inda wannan ke ƙarewa. Galan biyar, yashi, da yaro ɗaya da za a ɗora wa alhakin kula. In biyu suka rayu, a kai ɗaya makarantar unguwa, ɗaya a kai wa mai gona ko maƙwabci. Malaman makarantun allo da na boko su ma su sa almajirai, yaron da ya reni itace da hannunsa ba zai bari a sare shi a banza ba.

Ranar da Gwaggo za ta koma Nguru, na rako ta tasha, na sa yaro ya ɗauko galan ɗaya ya ajiye mata a gefen kaya. Ta harare ni ta ce, "Wai kai ba ka jin magana ko?" Na ce, "Gwaggo, ki kai gonar Malam, a dasa a inda yake ɗaure jakinsa." Ta yi shiru. Da mota za ta tashi sai na ji tana ce wa kwandasta ya ɗauke buhunsa daga kan tsiron kada ya karya mata.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.

Ɗan'uwanku, daga unguwar Zango, Gashuwa.